Wanda Zai Fara Jifa

A shekarun da nake haya a Glenwood, wata unguwa a ƙasar Turawa, tsakanin gidajen 'yan jami'a, ba ni da abin taƙama sai wasan faifai. Aikina a wani sito yake kan High Point Road, ɗauki kwali sauke kwali, ba wanda ya san da zamana. Amma ran Lahadi da safe, in na rataya jakata na shiga daji, ni ma wani ne.

Wasu Turawa biyu abokan aikina suka koya min, tsoho da matashi. Faifai ne na roba, kamar marfin tukunya. Ka tsaya kan dandamalin siminti ka wurga shi, ka bi shi inda ya faɗi ka sake wurgawa, har ka saka shi cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda ya kai da ƙarancin jifa shi ya ci wannan kwandon, sai a wuce na gaba. A faɗe ba wuya. To amma filin da muke zuwa daji ne sosai, dogayen itatuwa a cushe, hanyar da aka bar wa faifai wani lokaci ba ta fi ƙofar ɗaki ba. Ga rafi, ga kaska, ga wani ganye mai sa ƙaiƙayi da ya taɓa hana ni sa takalmi.

Wasan yana da wata al'ada. Wanda ya ci kwandon baya shi ke fara jifa a na gaba. Sauran su ja baya, su yi tsit, su ba shi dandamali. Na sha wuya kafin na samu wannan. Na zubar da faifai a rafi ba adadi, na yi ta dukan itatuwa har tsohon ya ce ko gaba nake da su. Ranar da aka fara ja mini baya, wallahi na ji daɗin da ban ji ba tun da na zo ƙasar.

Sai ƙanina ya zo daga Maradi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na yi ta ɗaukarsa a wuya zuwa kasuwa yana ƙarami. Ya sauka wurina, ya samu aikin wanke-wanke a wani gidan abinci. Ina fita yana barci, ina dawowa ya tafi. Ba shi da mota, Turancinsa bai nuna ba. Wata Lahadi na ce ya zo mu je. Ba don ya koya na kai shi ba, so nake ya ga yayansa a inda ake ja masa baya.

Kafin ganye ya fara zuba yaron nan ya fi ni. Ba ya ja da baya ya ɗauko gudu kamar yadda aka koya min. Daga tsaye yake fizgo hannu ta gefe, faifan ya tafi ƙasa-ƙasa, ya kauce wa wannan itace, ya lanƙwasa ya kauce wa wancan, kamar an ba shi saƙo. Tsohon ya tambaye shi inda ya samo hannun, ya ce korar tsuntsaye a gonar gero. Ji min magana. Ni ma na kori tsuntsayen nan, gona ɗaya, kuma na riga shi da shekaru, ban fito da komai ba sai ciwon kafaɗa.

Ranar da ya fara cin kwando, Turawan suka ja baya suka nuna masa dandamali. Ya ƙi hawa. Ya sunkuyar da kai ya ce min, "Yaya, bismillah." A gidanmu ƙarami ba ya riga babba sa hannu a akushi, ba ya riga shi shiga ƙofa. Na yi musu bayani, suka yi dariya suka ce ba komai. Na hau na jefa. Amma abin bai yi min daɗi ba, don na san kyauta aka yi min, ba ci na yi ba. Abin haushi kuma, in na gama sai ya jefa nasa ya wuce ta saman nawa, ina tsaye ina kallo.

Ƙyashi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Tsohon da ya shekara yana kallon jifana bai taɓa cewa komai ba, ya zaro faifansa mai ruwan ɗorawa da yake ji da shi ya ba yaron kyauta. Ni na kawo shi ƙasar, ni na kawo shi dajin, abokan ma nawa ne. In mun shiga mota sai in kunna rediyo, ko uffan ba na cewa har gida. Ya ce yau rana ta yi zafi, in ce uhm.

Sai kuma hannunsa ya lalace. Ya shiga dukan itatuwa, kwando bayan kwando. Na koma fara jifa da ƙarfina, ba sadaka ba. Raina ya yi fari. A mota ina zuba, ina ba shi shawara kan riƙon faifai, ina gaya masa sa'ar sabon shiga ce dama, ba ta daɗewa. Yana cewa haka ne, Yaya.

Akwai wani kwando da hanyarsa ta fi ta kowane matsi, ta gangara zuwa rafi. A gefen hanyar akwai wani siririn itace, kaurinsa bai fi taɓarya ba. Wata Lahadi faifaina ya faɗi gindinsa. Na duƙa zan ɗauka, na ga ɓawonsa ya sale a wuri guda, daidai ƙirjina, da ɗan shafin ruwan ɗorawa a jiki. Na tsaya ina tunani. Makon jiya nan faifan ƙanina ya daka. Makon da ya gabace shi ma nan. Ga ƙofa a buɗe, shi kuma yana auna taɓarya daga nesa yana samunta a tabo ɗaya. Ni ko kwandon da ya kai girman ganga ba na samu haka. Kuskurensa ma ya fi gwanintata saiti. Ban taɓa jin ƙyashi irin na ranar ba, har kunnuwana suka yi zafi.

Na daure har muka shiga mota. Ban tayar da ita ba. Na tambaye shi ko ni ya mayar yaro, da zai riƙa zubar min da wasa kamar ana lallashin mai kuka. Ya murza bakin faifansa, ya ce, "Yaya, in na ci ba ka yi min magana har gida. Ni kuwa duk mako a motar nan kaɗai nake jin muryarka."

Na tayar da mota. Rediyon ma ban iya kunnawa ba.

Lahadin da ta biyo na gaya masa tun a hanya cewa in ya sake taɓa itacen nan da gangan, a ƙasa zai koma gida. Ya ci kwandon da ke kafin matsin. Turawan suka ja baya, na ja tare da su. Ya dube ni, ya buɗe baki zai ce bismillah, na ce, "Hau."

Ya hau kamar mai taka tabarmar surukai. Ya fizgo hannu. Faifan ya wuce itacensa ko shafa babu, ya bi gangaren, muka ji ƙarar sarƙoƙi daga can ƙasa. Tsohon ya jefar da hularsa. Ni kuma na hau na daki itacen farko da ke gabana.

A mota ƙirjina yana tafasa, amma na buɗe baki. Na tambaye shi awakin Inna, na tambaye shi ko an gyara katangar da ruwa ya ci, na tambaye shi wa ya mutu wa ya haihu a unguwa. Yana ba ni amsa yana dariya, ya juyo gaba ɗaya yana fuskantata. Har muka iso Glenwood ban yi shiru ba. Jifan ne dai ban yaba masa ba, kuma har yau ban yaba ba.