Jude Mai Roba da Allon Dara

Idan ka shigo layinmu a Gyadi-Gyadi ta wajen masu gyaran babur, shago na huɗu a hannun hagu shi ne na Jude. Ba sai ka tambayi kowa ba, ƙara za ta kai ka. Wani siririn kuka ne kamar na sauro, in da a ce sauro ya kai girman akuya. Injinsa ne yake yankan roba.

Robar ba irin ta bokiti ba ce. Falle-falle take zuwa kamar gilashin taga, wata garau har ka hango mutum ta cikinta, wata baƙa, wata ruwan madara. Shi yana ce mata akirilik, mu muna cewa robar gilashi. Da ita yake yin allon suna na ƙofar ofis, da haruffan da ake mannawa a goshin shago, da kantocin da masu kemis suke jera magani. Zai zana abu a kwamfuta, ya shimfiɗa fallen a kan teburin injin, ya ɗaure shi da kyau, sai wani ɗan haƙorin ƙarfe ya sauko yana juyawa, yana bin zanen shi kaɗai kamar mai ido.

Na san Jude tun yana goye. Mahaifinsa, Oga Ebuka, kafinta ne daga ƙasar Ibo, ya zauna a Unguwar Gano, kuma shi ya yi mini teburin da na yi shekara talatin ina yanka yadi a kai. Jude a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi ta jikokina fita. Da buroshi da fenti ya fara, yana rubuta allunan makarantu. Daga baya ya koma sassaƙa hatimi da reza. Sai ya ɓace shekara biyu a Legas, ya dawo da ilimin injin nan, da mata, Clementina, wadda take aikin nas.

Ba mai yawan magana ba ne. Yana da wata ɗabi'a guda da kowa ya san shi da ita. Robar tana zuwa da takarda manne a jikinta don kada ta karce, to shi ba ya ɓare takardar nan. Ko aiki ya yi wata a shagon, sai mai shi ya zo ya ɓare da hannunsa. Ya ce mai kaya ne ya kamata ya fara ganin fuskar kayansa.

Abin da ya sa nake ba da labarinsa, shi ne abin da ya yi wa Malam Garba.

Mu tsofaffin layin muna da wajen zama a gindin darbejiya, daga la'asar zuwa magariba, kuma dara muke yi. Ba caca, ba komai, sai tsiya da dariya. A ƙasa muke tona gida talatin, ɗaya ya riƙi tsinke sha biyu, ɗaya ƙwallon dabino sha biyu. Wanda ya jera uku ya cinye ɗan abokinsa ɗaya. Malam Garba, tsohon direban tanka, shi ne gwaninmu. Shekara huɗu da suka wuce idonsa ya fara dushewa, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa. Amma bai daina cin mu ba. Zai ɗora tafin hannu a kan ƙasar, ya shafa sau ɗaya, ya san inda kowane ɗa yake.

Bara aka shimfiɗa wa layinmu intalok, ƙananan bulon siminti da ake jerawa a ƙasa. Kowa ya ji daɗi, ni ma na ji, don da damina sai ka tattare riga kafin ka isa masallaci. Sai dai an shimfiɗa har gindin darbejiya, ƙasa ta ɓace. Muka samo kwali muka zana gidajen da gawayi. Mu masu ido muka ci gaba. Malam Garba ya shafa kwali, bai ji komai ba, sai 'ya'yan suka watse. Zakariyya mai nama ya yi dariya ya ce, "Direba, yau ka kwashe fasinja duka."

Da wasa ya faɗa, irin wanda muka saba. Malam Garba ma ya yi murmushi. Amma washegari bai fito ba, jibi ma haka. Daga masallaci sai gida. Da aka yi wata guda, 'yarsa Hadiza ta tare ni a hanya ta ce, "Baba Salisu, abokinka fa ya daina magana. A soro yake yini, ko rediyo ba ya kunnawa. Tuwon ma sai na tsaya a kansa."

Na rasa wanda zan kai wa maganar, sai na kai wa Jude. Ya saurara har na gama, ya ce, "Gida talatin kawai? Baba, ka dawo gobe."

Da na dawo na tarar ya yi abu mai kyau ƙwarai. Allo garau kamar ruwan randa, gidaje talatin a jere kamar an auna da zare, kowanne ɗan lotsawa sumul. Ya yanka 'ya'ya kamar maɓallin riga, sha biyu ja, sha biyu shuɗi. Muka ɗauka muka tafi soron Malam Garba, ni ina gaba ina jin daɗi.

Malam Garba ya ɓare takardar, ya shafa allon, ya shafa 'ya'yan. Sannan ya ce, "Jude, wannan tiren shayi ne?"

"Dara ce, Baba."

"To waɗanne ne nawa a cikin 'ya'yan?"

"Jajayen."

"Madalla. Wanne ne ja?"

Jude ya kalle ni, na kalli ƙasa. Laifin har da nawa, don yadda nake ganin dara na kwatanta masa, ba yadda Malam Garba yake jin ta ba. Malam Garba ya miƙo masa allon ya ce, "Allah ya yi albarka. Kai wa Kilamantina ta ɗora kofuna."

Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Washegari da la'asar sai na ga shagon Jude a rufe, abin da ba ya yi sai Lahadi. Na leƙa soron Malam Garba, na sami Jude a tsugune da daro cike da yashi, ya roƙo daga inda ake gini. Ya zube shi a kan buhu yana cewa, "Baba, ni ban iya darar nan ba. Koya mini."

"Kai da kwamfutarka?"

"Ita ma ba ta iya ba."

Malam Garba ya ja tsaki, amma hannunsa ya riga ya shiga yashin. Ya daddale shi, ya tona gidaje da ɗan yatsa, ya aika Hadiza ta karyo tsintsiya. Kwana takwas suna wannan. Ina zaune a gefe ina jin su.

"Nan za ka sa? Ubanka da ya yi wa mutane kujeru masu ƙafa huɗu, kai ko uku ka kasa jerawa."

"Baba, a hankali dai."

"A hankali ake cinye ka."

A kwana na uku Jude ya cire hankicinsa ya ɗaure ido, ya ce haka zai yi wasan. Ya watsa 'ya'ya ya fi sau goma. Malam Garba ya yi dariya har da tari, dariyar da Hadiza ta ce ta manta kalarta. A nan Jude ya gane abin da ni da na yi shekara ashirin ina wasa da mutumin ban lura ba. Tsinke a tsaye yake cikin ƙasa, ƙwallon dabino a kwance, hannu yana wucewa ya bambanta su ba tare da ya ture su ba. Kuma Malam Garba da tafinsa yake awo: babban yatsa a gida ɗaya, ƙaramin yana kan na uku. Gidajen da yake tonawa ba a miƙe suke ba, layin yana ɗan karkata dama, yadda hannunsa yake tafiya.

Rana ta takwas Jude ya zo da ma'auni, ya auna gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yadda Malam Garba ya tona su, ya rubuta a takarda.

Na je kallon yankan. Baƙar roba ya ɗauko, mai kauri kamar yatsa. Ya nuna mini zanen a kwamfuta ya ce, "Ka ga, ta so ta miƙe mini layin. Na hana ta." Da haƙorin ya sauka ya kama gudu, na ga saurin ya yi yawa. Na ce, "Jude, rage masa sauri mana, kada ya fasa." Mu a ɗinki, yadi mai tsada a hankali ake bin sa.

Ya tsayar da injin, ya ɗauko wani guntu, ya sa haƙorin ya bi shi sannu-sannu yadda na ce. Sai wari ya tashi, robar ta narke ta danƙare a haƙorin kamar alewa. Ya ce, "Baba, wannan in ka lallaɓa ta zafi take ɗauka. Sai ka wuce da sauri, ɓarɓashin ya tafi da zafin." Ya mayar da gudun, ɓarɓashi ya dinga tashi kamar tsakin masara. Shi kuwa bai kalli injin ba, ya karkata kai yana sauraren kukansa.

Wannan karon huda gidajen ya yi har ƙasa, ya goge bakin kowanne don kada ya yanki yatsa. Ya haɗa ɗan akwati marar zurfi, ya cika da yashi, ya kifa allon a kai. Yatsa zai ji bakin gida, tsinke zai shiga yashi ya tsaya. Bai yanka ɗa ko ɗaya ba.

Bai kai soro ba. A gindin darbejiya ya ajiye, ya je ya ce wa Malam Garba, "Baba, kayanka yana waje, kuma ka san ba na ɓare wa mutum takarda."

"Kawo nan."

"Ya yi nauyi."

Ƙarya yake, da hannu ɗaya ya ɗauko shi. Malam Garba ya yi ta mita, amma ya laluba sandarsa. Ya zauna a wajensa na da, ya ɓare takardar a hankali, ya ɗora tafinsa. Babban yatsa ya faɗa gida ɗaya, ƙaramin ya faɗa na uku. Ya tura yatsa ciki, ya ji yashi. Sai ya gyara zama.

Zakariyya ya leƙa ya ce, "Wannan allon ai a karkace yake."

Malam Garba ya ce, "Zauna, mai nama. In ka tashi ka gaya mini wane ne a karkace."

Sau uku ya cinye shi kafin a kira magariba.

Yanzu allon a shagon Jude yake kwana. Kullum bayan la'asar zai kashe injin, ya fito da shi, ya yayyafa wa yashin ruwa kaɗan. Wani lokaci yakan zauna ya yi wasa ɗaya kafin ya koma aiki. Har yau bai taɓa ci ba. Jiya ma na ji Malam Garba yana ce masa, "Ɗaure idon, Jude. Ka fi iyawa a haka."