Allurar goshi da matar da aka kora saboda shiruna

A lokacin ina da shekara arba'in da biyu, matar aure a unguwar New Bell ta birnin Douala, uwar 'ya'ya biyar. Maigidana yana aikin fito da kaya a tashar jiragen ruwa, ni kuma daga gida sai islamiyya. Abu ɗaya ke damuna: layuka biyu tsakanin girata da suka sa kullum kamar ina fushi. Har autata takan tambaye ni laifin me ta yi mini, alhali ni ko kaza za a yanka sai na kau da kai.

Ana saura mako biyu bikin 'yar ƙanwata na je kitso. Mai shagon ta ce akwai wata allura da ke goge tamoji, wai matan Bonapriso, unguwar masu kuɗi, duk ita suke yi, kuma ba canza halitta ba ce, kamar kwalli ce. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na bi ta ɗakin baya. Ban gaya wa kowa ba, har maigida.

Shekarun nan ne rikicin yankin masu Turanci na Kamaru ya koro mutane Douala. Surukata, wadda gidan da muke ciki nata ne, ta ba wata 'yar Bamenda hayar ɗaki, ita da 'ya'yanta biyu. Mijin matar ya ɓace a rikicin, tana soya fanke a ƙofar gida tana ciyar da su. Kwana uku da allurar, a bakin famfo, matar ta shafa goshina tana dariya, ta ce da Pidgin ɗinta na koma budurwa, Alhaji sai ya sake biyan sadaki. Surukata na zaune tana kallo.

Washegari fatar idona na hagu ta sauko, girar ma ta zube. Ko Alƙur'ani zan karanta sai na ɗaga fatar da yatsa. Surukata ta dube ni ta yi salati, ta ce ai a gabanta aka shafa wurin, matar nan mayya ce. Wallahi na buɗe baki zan faɗa, sai na tuna maigida, na tuna malamarmu ta islamiyya, na tuna ni ce ke yi wa 'yan mata wa'azi a kan man bilicin. Na yi shiru. Aka kawo rubutu na sha, aka yi mini hayaƙi, ina kuka suna zaton ciwo ne.

Kafin mako unguwa ta ɗauka. Aka daina sayen fankenta, aka hana yara wasa da nata. Ta zo ƙofar ɗakina ta durƙusa, tana kirana mami, tana rantsuwa ba ta san komai ba, tana roƙon in faɗa musu. Na ja mayafi na rufe fuska. Ranar da surukata ta sa aka fitar mata da kaya ana ruwan sama, ina leƙe ta taga da ido ɗaya.

Da maigida ya kai ni asibiti, likita bai yi minti biyu ba ya tambayi wa ya yi mini allura. A gaban maigida na faɗi gaskiya. Likitan ya ce maganin ne ya gangara inda bai kamata ba, zai sake da kansa. Maigida bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi mini: ina matar nan take yanzu?

Idon ya buɗe bayan wata biyu. Matar kuwa na neme ta a unguwar Nylon, na je har Japoma inda aka ce an ga mai kama da ita. Shekara uku ke nan. Duk mai soya fanke da na hango sai na matsa na duba fuskarta.

'Yan uwana mata, kada ku miƙa fuskarku ga allurar ɗakin bayan shago. In kuma kun riga kun yi, abin ya ɓaci, ku faɗa tun ranar farko, komai kunya. Na roƙi Allah gafara, amma malamai sun ce haƙƙin bawa sai bawan ya yafe, ni kuwa ban san inda zan same ta ba. Ku taya ni addu'a Allah Ya haɗa mu kafin in mutu.