Ƙugiyar da Ruwa Bai Wanke Ba

A shagon buga takardu da na yi aiki a Diffa, akwai wani salon haruffa cikin ordinatar, wato kwamfuta, da nake ji da shi. Kai ka ce mutum ne ya rubuta da hannu yana sauri: haruffan a kishingiɗe, wutsiyar wannan ta kamo kan wancan. Na katin biki ne da na suna, sai ko allon mai turare. Wanda ya ce in sa masa shi a takardar neman aiki, nakan ce masa ba a shiga ofis da kayan rawa. Aibinsa ɗaya, bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Haka nake buga su ba ƙugiya, kuma ba wanda ya taɓa damuwa.

Da rikici ya sa aka tashi mutanen bakin kogin Komadugu, bukukuwa suka ja baya, cigiya ta yi yawa. Wata tsohuwa daga Baruwa ta zo da hoton ɗanta, magidanci, wanda ya koma duba gonarsa ta tattasai bai dawo ba. Na tsara mata cigiyar da miƙaƙƙun haruffa, masu karantuwa daga nesa. Ba ta yi boko ba, amma ta girgiza kai. Ta ce da irin wannan rubutun hukuma ke hana kaza da kaza, kowa ya gan shi kau da kai yake. Ta nuna wani katin biki da ya yi kwantai a bango.

"Ɗana, sa mini wannan. Ya yi kama da mutum yana magana."

Na yi musu, don taurin kaina a kan aikina sai a hankali. Ta fi ni. Na buga, na karanta mata yadda ya fito: "Dana ya bata."

"Ya ba ta me?" in ji ta.

Ita kanta, da harshenta na Barebari, ba ta iya fitar da ɓ, amma kunnenta ya ji. Dariya ta taso mini, na danne ta. Na ɗauki bik, wato biro, na yi wa haruffan biyu ƙugiya a takardar farko. Ta karɓe shi ta ce sauran nata ne. Ta zauna a benci har la'asar, da hannun da bai taɓa riƙe bik ba, tana gyara ɓatan ɗanta takarda bayan takarda. Tausayinta ya hana ni kallon wajen.

Ba ta sake zuwa ba, kuma ban ji an ga ɗan nata ba. Tawadar injinmu ba ta jure ruwa, na sani, ban dai tuna da damina ba a lokacin. Bayan ruwan farko na bi ta bangon tasha na ga ɗaya daga cikin takardun. Fuskar ta wanke, kyawawan haruffana sun zube. Abin da ya rage ƙugiyoyinta ne guda biyu, shuɗaye, a karkace.