Karin Kumallo a Benen Katako na Bakin Teku

A shekarar da na ajiye aikin koyarwa, babban ɗanmu da ke aiki a Legas ya matsa sai mun je mun ga teku, ni da mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta. Ni haifaffen Batsari ne, ɗan mahauci, wanda rabo ya kai makarantar mishan tun yana ƙarami. Ita kuwa Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Runka, cikin ƙasar Safana, inda a yau ko gaisuwar mutuwa sai mutum ya yi shawara kafin ya kama hanya.

Ɗan namu ya sama mana masauki a wani tsohon gari yamma da Legas, a wani benen katako da ya haura shekara ɗari. Mai gidan wata dattijuwa ce, jikar wanda ya gina shi. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sun daɗe a Zariya, saboda haka Hausa ta zauna a bakinta, har da tsiyar da ke cikinta. Wurin kwana da karin kumallo kaɗai take bayarwa. Abincin rana da na dare a zangon Hausawa muke ci, inda mata ke da ɗakinsu daban.

Har yanzu ina jin kukan matakalar gidan a ƙarƙashin ƙafata, da ƙamshin tsohon katako gauraye da iskar gishiri. Da muka shiga ɗakinmu na shafa yatsa a kan taga, ban sami ƙura ba. An goge zanen gado, an kama kusurwoyinsa daidai yadda aka koya mana da bulala a makarantar mishan. Dokar gidan guda ce: ba a hawa sama da abinci, ko da ƙwayar gyaɗa ce, domin ɓera da tururuwa su ne ajalin irin wannan gini. Kowa a tebur yake karyawa. Na yaba da wannan doka ƙwarai.

Da safe aka kaɗa ƙararrawa, muka sauko. Mu kaɗai ne baƙi a lokacin. Farin ƙyalle a kan tebur, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, ga shayi da burodi da ƙwai, ga koko da ƙosai. Rabona da irin wannan shiri tun ina ɗalibi, lokacin da ba a fara ci sai babba ya fara, ba a kuma tashi sai ya tashi. Na ci a natse, ina mai jin daɗin cewa hannuna bai manta ba.

Maiɗakina kuwa ta zauna da hannuwanta cikin mayafi, ba ta taɓa komai ba. Tana da ciwon suga, kuma likita ya gargaɗe mu cewa kada ta sha maganin safe da cikin wofi.

"Hajiya, babu alade a gidan nan," in ji dattijuwar. "Na zauna da Musulmi fiye da yadda na zauna da dangina."

Maiɗakina ta yi murmushi ta ce ta ƙoshi. Ni na ɗauka cokulan ne suka ba ta tsoro, don haka da muka koma ɗaki na ɗauki biro da mataji na nuna mata yadda ake riƙe su. Ta saurara har na gama.

Washegari ma haka ta zauna, kuma ashe tana haɗiye maganin da ruwa kawai. Da hantsi muna tafiya a kan rairayi sai gumi ya karyo mata, jiri ya kwashe ta, ta zauna a kan wani kwalekwale da aka kife. Na sayi ayaba a hannun wata mai talla, maiɗakina ta juya mini baya ta ci a cikin mayafi. Da ta dawo hayyacinta na yi mata faɗa sosai, na ce wannan wasa da rai ne.

"Malam," ta ce, "tun da aka kawo ni gidanka, ka taɓa ganin ina tauna?"

Na bincika zuciyata, ban sami ko rana ɗaya ba. A Batsari ana kai mini kwanona ɗakina, ita tana ci a cikin gida tare da yara. Haka ta tashi ta ga uwarta da kakarta suna yi, mace ba ta ci a gaban mijinta.

"Nan ba Runka ba ce. Wa zai gan ki?"

"Ko a bakin teku, mijina ne kai."

Ba zan roƙi a karya dokar gidan mutane saboda mu ba. Ba zan kuma yarda matata ta ci a madafa kamar wadda aka ɓoye ba. Abin da ya rage shi ne ni in tashi daga tebur kafin mai gida ta tashi, abin da ban taɓa yi ba, abin da na sha hukunta ɗalibai a kansa.

Da gari ya waye aka kaɗa ƙararrawa. Na ci kaɗan, na haɗa wuƙa da cokali a kan faranti, na miƙe.

"Iya, ina neman izininki in tashi."

"Tica, ƙwan ne bai yi ba, ko ni ce ban yi ba?"

"Ina so in sha shayina ina kallon teku."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi hannuwan da ke cikin mayafi, ta ajiye kofinta.

"Ashe tekun ne. To, je ka, yana jiranka tun jiya. Kada ka waiwayo, sai na kira ka."

Na fita baranda na ja kujera, na ba taga baya. Masunta suna jan taru a jere, suna rera wata waƙa da ban san harshenta ba, ruwan yana zuwa yana komawa. Ban kalle su da hankalina ba, domin kunnena yana baya. An daɗe ban ji komai ba, har na fara shakka. Can sai na ji cokali ya taɓa kwano a hankali, ya sake taɓawa. Daga baya na ji muryar maiɗakina tana cewa kokon ya yi daɗi, sai dai da an jefa masa tsamiya kaɗan da ya fi, dattijuwar kuma tana cewa wadda ta yi kwanaki tana azumi ba ta da bakin gyara mata koko. Suka yi dariya tare. Na daɗe ban ji ta yi dariya irin wannan ba.

Shayina ya huce a hannuna kafin ƙofa ta buɗe.

"Tica, shigo," in ji dattijuwar. "Ta cinye nata, ta taɓa naka. Gobe ka tashi da wuri."

Haka kuwa na yi, har ranar da muka bar gidan.