Kwabon da Baba Ya Riƙe Kwana Huɗu

Babanmu ya yi shekara talatin yana yanka makulli a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene kafin masu tara tsofaffin kwabbai su gano shi. Ya san aikin magagari kamar tafin hannunsa, shi ya sa suke kawo masa kwabo ya duba bakinsa: injin buga kuɗi ne ya yi kuskure, ko wani ne ya goge shi don ya yi tsada? 'Yan layin suna kiransa Ban-Yarda-Ba. Ko ruwa ka miƙa masa, sai ya leƙa cikin kofin tukuna.

Maigidana direban bas ne. Wata rana ya tsinci kwabo a cikin canji, gefensa a gutsure kamar an cije shi. Muka kai wa Baba tare.

Baba ya maƙala gilashinsa a ido, ya daɗe yana juya kwabon.

"Malam direba, kana da magagari a gida?"

"Haba Baba! Me zan yi da shi?"

"Tambaya na yi. Bar min shi."

Washegari ya kira ni ni kaɗai. Ya nuna min a jikin wani kwabo yadda gefen da aka goge da hannu yake ƙyalli, da 'yan karce-karce, da kaifin da ke kama zare idan ka ja a kai. Na maigidana ba shi da ko ɗaya. Bakinsa ya bi a hankali ya shige cikin gutsuren, launinsa ɗaya da sauran jikin, gefen da ke fuskantar gutsuren ma ya ɗan shafe, yadda na inji yake yi.

"To ai na gaske ne, Baba."

"Ya cika kyau. Shi ne abin da ya dame ni. Kwanan nan mijinki yana shiga garejin makanikai?"

Raina ya ɓaci, amma da na koma gida sai ga ni ina binciken akwatin kayan aikin mijina. Sifana da tsumma kawai na samu. Kunya ta hana ni kallon idonsa ranar.

Ashe Baba ya zauna yana goge kwabbai da hannunsa, yana gwada ko mutum zai iya yin irin wancan. Ya ɓata guda tara, babu wanda ya yi kama.

Rana ta huɗu ya miƙa wa maigidana abinsa a naɗe cikin takarda.

"Na inji ne. Amma in ka sake kawo min irinsa, sai na biyo ka har gida."

Maigidana ya yi dariya, Baba bai yi ba. Bayan shekara biyu idonsa ya yi rauni, ya rufe shagon. Masu kwabbai suka riƙa binsa gida, yana shafa bakin kwabon da farce yana tambayarsu inda suka samo.