Mai Rediyo, Mai Sayar da Shiru

Kafin maƙwabtansa su buɗe shagunansu, Mai Rediyo ya riga ya share gaban nasa, ya yayyafa ruwa, ya fito da benci ya tokare gajeriyar ƙafarsa da guntun kwali. Daga nan sai ya ɗauki tsumma ya bi hedifon ɗin da ke rataye a ƙusoshi yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, irin manyan nan masu rufe kunne gaba ɗaya. Shi kansa ya manta rabon da a kawo masa gyaran rediyo, amma sunan ya ƙi barinsa. In an tambaye shi sai ya ce rediyon ta yi ritaya ta bar masa gadon suna.

Shagon ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga, na uku sai ya tsaya a waje. Jikinsa kuma shagon mai yankan makulli ne, wanda injinsa ke ƙara kamar ana zare wa mutum jijiya. Kowa na ce masa ya yi rashin sa'ar maƙwabci. Shi kuwa ya mai da injin nan kayan aikinsa.

Ƙa'idarsa ita ce ba ya gwada hedifon da kiɗa. Yawancinmu in mun je saye sai mu ce a ƙure murya, in ganga ta girgiza mana ƙoƙon kai mu ce wannan mai kyau ne. Shi sai ya ɗora maka a kai ba tare da ya jona da komai ba, ya leƙa waje ya ce, "Maƙwabci, a tayar mana." Mai makulli ya kunna inji yana mita wai an mai da shi ma'aikacin da ba a biya. Abin da ya rage na ƙarar a kunnenka, shi ne gaskiyar kayan. Sauran duk zanen kwali ne.

Masu zama a bencin nan sun ga abubuwa. Sun ga ranar da wani mai babur ɗin haya ya zo neman wanda zai toshe masa hayaniyar titi, Mai Rediyo ya hana shi. Ya ce, "Ɗana, in ka daina jin hon, ni ne zan je gaisuwa gidanku. Je ka kawai." Wata tela kuma har yau tana ba da labarin yadda ta zo sayen sabo, ya duba tsohon nata ya ce lafiyarsa lau, soson kunnen ne ya mutu. Ya sauya mata soso, ya sallame ta, sabon yana nan rataye yana kallonsu.

Akwai kuma wani uba, shi ne mai wannan rubutu, da ya zo shagon da damuwar da ta fi ƙarfinsa. 'Yar autarsa ba ta jure ƙara. Tun tana ƙarama, in aka buga ƙofa da ƙarfi ko aka ja kujera a siminti, sai ta toshe kunne da tafukanta, ta ɗage kafaɗu har su taɓa kunnuwan, ta durƙushe. Ba ta da yawan magana, ba ta iya cewa ga inda ke mata ciwo. A gida an san yadda ake lallaɓawa. A aji kuwa, inda yara ke ihu a lokaci ɗaya, sai ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa. Malamarsu mutuniyar kirki ce, ta yi iya yinta, amma daga ƙarshe ta ce in ba a samu mafita ba kafin ƙarshen zango, sai dai Auta ta zauna a gida. Ita ce ma ta ba da shawarar a gwada hedifon.

Uban ya riga ya sayi ɗaya a wani shago, mai tsada a wurinsa, mai batir da 'yar fitila shuɗiya. Bai yi aiki ba. Sai ya ɗauko shi da yarinyar ya zo wurin Mai Rediyo, yana magana tun daga bakin ƙofa.

"Baba, an cuce ni. Jabu aka ba ni. In akwai wanda ya fi shi ka faɗa mini, ko me zan sayar in saya."

"Zauna tukuna, Malam. Kada ka sayar da komai, ko takalminka ba na so." Ya juya wurin yarinyar. "Uwar ɗakina, sannu da zuwa. Ba wanda zai taɓa ki sai kin yarda."

Ya miƙa mata hedifon ɗin ta ɗora da kanta. Ya roƙi mai makulli ya tayar da inji, amma a taƙaice. Da ƙarar ta tashi, kafaɗun Auta suka haye sama. Uban ya miƙe zai rungume ta, tsohon ya ɗaga masa hannu, ya sa aka kashe inji. Bai tambaye ta komai ba. Ya zagaya bayanta ya sunkuya yana duban inda soson ya kwanta, ya daɗe a haka.

"Wa ya yi mata kitso?"

"Mamanta. Me ya haɗa kitso da wannan?"

"Zo ka gani."

Jelar kitson guda biyu masu kauri sun sauko ta gaban kunnuwa, ɗaya a kowane gefe. Soson ya hau kansu, ya bar ƙofar da ɗan yatsa zai shiga. Ta nan ƙarar duniya ke wucewa hankali kwance.

"Kayanka ba jabu ba ne," in ji shi. "Sai dai sosonsa siriri ne, kuma mai batir ya fi iya kashe gunjin inji da fanka. Ihun yara ba ya jin tsoronsa sosai. Ka je ka ce wa maman a riƙa kai kitson baya."

"Baba, ni zan koya wa maman yara kitso? So kake in kwana a bencin nan."

Mai makulli ya leƙo ya ce bencin ma haya ake ba da shi.

Mai Rediyo ya sauko da wasu guda uku daga cikin masu araha. Ya nuna wa uban yadda ake dubawa: a danna soso da babban yatsa a ga ko zai taso da kansa, a duba bayan kofin kada a ga huda, a tabbata kunne ya shige ciki dukansa ba a danne shi ba, kuma kada ƙarfen kai ya matse har yarinya ta ƙi jininsa. Auta ta tura jelar kitsonta baya, aka gwada na farko. Kafaɗu suka ɗaga. Aka gwada na biyu, mai kauri ƙwarai, kafaɗu ba su ɗaga ba, amma da tsohon ya tsaya gabanta ya yi magana ba ta ji ba. Uban ya ce a ba shi wannan.

"A'a. Makaranta za ta je. In ba ta jin malama, me ta je yi? Ba kurma muke so mu mai da ita ba."

A na uku, inji na ƙara, kafaɗun suka fara sauka a hankali har suka koma mazauninsu. Tsohon ya ce da muryar da yake magana kullum, "Uwar ɗakina, kina jina?" Ta ɗaga kai ta ce, "Ina ji." Uban ya juya ya kama karanta farashin caja a bango, don kada a ga fuskarsa.

Baba Mai Rediyo, ƙarshen watan nan 'ya'yanka za su rufe maka shago, sun ce hannunka ya fara rawa, lokacin hutu ya yi. Kai ne ka duba kafaɗun yarinyar da ba ta iya faɗin damuwarta, ka ji abin da take cewa. Kai ne ka ga uba ya zo a rikice, a shirye yake ya sayi duk abin da aka nuna masa, ka ɗauko masa mai araha. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar cin hutunka. Masu shaguna da ke tasowa, kafin ku miƙa wa mutum abin da ya fi tsada, ku tsaya ku dubi wanda zai yi amfani da shi.

Wancan zangon ya ƙare, har yanzu Auta tana aji, a kan kujera, kitso a baya. Makon jiya malamar ta tare uban a bakin ƙofar makaranta ta ce tana da ƙorafi. Ta ce a ja wa Auta kunne, ita da ƙawarta sun fara damun aji da surutu. Ya yi alkawarin zai yi mata faɗa. Baba, har yau bai yi ba.