Bishiyar Da Ta Fi Ƙarfin Ƙofa

Tsintuwa ake ce mata tun tana ƙarama, don ba ta iya wuce murfin kwalba a ƙasa ba ta sunkuya ba. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, amma mai hali ba ya fasa halinsa. Tsinkakken silifas, gwangwanin madara, wayar tsohuwar rediyo, duk sai ta kwaso ta wanke, ta huda, ta ɗinke su da waya, su zama tsuntsu ko fuskar mutum. Ɗakin aikinta tsohon sito ne, in ta buɗe hannu sai ta taɓa bango da bango. Saboda haka ba ta taɓa ƙera abin da ya wuce a rungume shi a fita da shi ba.

Mahaifiyarta ba ta taɓa leƙa siton nan ba. In aka tambaye ta sana'ar 'yarta sai ta ce, "Tana dai 'yan dabaru," ta sako wata hirar. Abin yana ci wa Tsintuwa rai, ko da yake ba ta faɗa.

Ana nan wani gida da ke saukar masu aikin fasaha ya gayyace ta ta zauna 'yan watanni: ga makwanci, ga abinci, ga ɗakin aiki, a ƙarshe a baje kolin abin da kowa ya yi a babban zauren ƙasa. Ɗakin da aka ba ta a saman bene yake, faɗinsa kamar aji. Wanda ya saba da sito ya samu fili, ai sai abin da hali ya yi. Ta kira mai walda ya haɗa mata rodi a tsakiyar ɗakin, ta tayar da bishiya har kusa da silin. Ganyen silifas ne, 'ya'yan murfin kwalba, kuma duk a waya ɗaya ta saƙa su tun daga gindi. Daɗi kan daɗi, mahaifiyarta ta aiko cewa za ta zo buɗe baje kolin.

Ana gobe buɗewa kafintan gidan ya hau don a sauko da aikin. Ya dubi bishiya, ya dubi ƙofa, ya sosa ƙeya.

"Hajiya, ta ina kika shigo da ita?"

"A nan aka haife ta."

"To, a nan za ta tsufa."

Tsintuwa ta fizgi ma'aunin kafintan ta gwada da kanta, a tsaye, a kwance, a karkace. Tagar kuwa ƙarafa ne da ita. Ta ruga wajen shugabar gidan tana haki, ita kuma ta ce gidan haya ne, ko ƙusa sai da izini, balle fasa bango.

"Kwantar da hankalinki," in ji shugabar. "Baƙi sai su hau su gani a can."

Baƙi za su hau, amma Inna fa? Matar da ko dokin ƙofa sai an riƙe ta saboda ciwon gwiwa? In kuwa aka yanka gindin, saƙar gaba ɗaya za ta warware, aikin watanni ya koma bola inda ya fito. Ta wuni tana zagaya bishiyar, abinci ya ƙi ciyuwa. Tsoro take ji ƙwarai, kada tsohuwar ta zo ta zauna a zaure tana kallon aikin 'ya'yan wasu, ta koma gida da maganarta ta dā.

Da safe ta ɗauki zarto. Akwai reshe ɗaya da ta ƙara daga baya, wayarsa daban. Ta yanke shi, ganye uku suka zube, sauran suka tsaya. Ta saɓa shi a kafaɗa ta sauka.

Tsohuwar tana kan kujerar roba kusa da ƙofar zaure, sandarta a cinya. Tsintuwa ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye reshen a gabanta, ta kasa ɗaga ido. Tsohuwar ta shafa ganye ɗaya, ta juya shi, ta ga sawun yatsun wani a jikin robar.

"Wannan ai reshe ne. Ina uwar?"

"Tana sama, Inna. Ta ƙi fitowa ta ƙofa."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi matakalar tun daga ƙasa har inda ta karya kwana. Ta dogara sandarta, ta miƙo ɗaya hannun.

"Kama ni. Kada ki yi sauri."